Tef ɗin ɗinkina ne ya fara nuna min ruwan da ke kan 'yata

Ni tela ce, shekara 11 ina kan keke, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san ido yana koyon awo ko babu tef a hannu. Mace ta shigo tsakar gida kafin ta zauna na san yadi nawa zai ishe ta. Toh wannan idon ne ya fara gaya min akwai matsala a kan 'yata ta uku, tun kafin wani likita ya buɗe baki.

Mun yi arba'in da kaman sati ɗaya na ɗauko wata hular ulu da ƙanwata ta saƙa mata, wadda ranar suna har sai da muka naɗe bakinta saboda ta mata yawa, na zo sa mata ta ƙi shiga. Na ja na ja ta tsaya a saman kai kaman an ɗora. Rigunan da aka kawo tare da hular kuwa duk suna mata daidai, wasu ma da saura. Gabana ya faɗi. Na tashi na zaro tef daga aljihun keke na zagaya kanta, santimita 41. Na ɗauko katin haihuwa na duba abinda nas ta rubuta ranar da aka haife ta, 35. A lokacin bansan nawa ya kamata kan jariri ya ƙaru ba, daga baya ne aka gaya min a wata ukun farko kusan santimita 2 ne a wata. Ita kuma ta ƙara 6 a sati bakwai. Na buɗe littafin da nake rubuta awon kwastamomi na je shafin baya na rubuta 41 da ranar. Bayan sati ɗaya na sake gwadawa, 42.

Da na nuna ma Abbansu sai yace haba ke kuwa, ai kan gidanmu ne, duba nawa kan. Hajiya, wato mahaifiyarsa, ta karɓe ta ta shafa tsakar kanta tace maɗiga ce, aka kawo wani magani baƙi ana kwaɓawa ana shafa mata a wajen, aka karɓo rubutu. Ban hana ba, kuma har gobe bana ganin laifin Hajiya dan abinda ta sani kenan kuma da so ta yi. Wadda ban manta ba wata maƙwabciya ce da ta leƙo ta kalli yarinyar ta ja ni gefe tace Maman yara anya kuwa ba musanya miki aka yi ba, irin waɗannan fa 'yan ruwa ne. Ranar na shiga ɗaki na kulle na yi kuka kaman raina zai fita. Yarinyar da na ɗauka wata tara, na haife ta da raina da lafiyata, tana kama nono tana kallona.

Kafin sati na goma abubuwa sun ƙaru. Maɗigar ta daina lotsawa, ta taso ta yi tauri ko tana barci, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fatar kai kore-kore, ƙeyarta ta yi tsini ta baya sosai har kwantar da ita rigingine sai an yi dabara. Sai amai, ba irin tumbuɗin jarirai ba, amai mai feshi. Sannan idon, shi ya fi tsorata ni, baƙin idon ya dinga sauka ƙasa farin ya fito ta sama, kaman tana son kallon kumatunta. Likitoci ma ashe suna da suna da suke ma wannan, wai idon faɗuwar rana.

Ranar rigakafin sati 10 na tafi harda littafin awona. Allah ya haɗa ni da wata sista mai kirki, bayan ta yi allura nace Sista dan Allah duba min wannan, na buɗe mata shafin. Bata yi min dariya ba. Ta ɗauko nasu tef ɗin ta auna, 44, ta ɗiga a jikin wata takarda mai layuka sai ɗigon ya tashi can sama da duk layukan. Ta dube ni tace Maman bebi kada ki koma gida ki zauna da wannan, ta rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa. Allah ya saka mata da aljanna, ko sunanta ban riƙe ba.

Gwajin farko mai sauƙi ne, sikanin ne irin na masu ciki amma ta kan maɗiga ake ɗora abin, tunda ƙashin wajen bai haɗe ba ana hango ciki. Minti goma bai yi ba. Mai yin ya yi shiru yana ta danne-danne sannan yace akwai ruwa, kuma akwai wani abu ta baya da sai an yi MRI, wato hoton cikin kai da wani babban inji, za a tabbatar. MRI ɗin nan shi ya ci mana kusan sati biyu tsakanin neman kuɗi da jiran layi, kuma dole jariri ya kwanta ko motsi babu, dan haka sai da suka bata maganin barci. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar injin kaman ana buga ƙarfe, ni dai Hasbunallahu wa ni'imal wakil kawai nake maimaitawa.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da muka gani ya ɗaga hoton a haske ya daɗe yana kallo, sai ya juya bayan wata takarda ya fara zane da biro, har yanzu takardar na nan a cikin fayil ɗinta. Yace Hajiya abu biyu ne a nan, ki raba su a ranki. Ya zana ƙwaƙwalwa ya zana wata ƙarama a ƙasanta wajen ƙeya, yace wannan sunanta sarabelam, ita ke kula da daidaiton jiki, zama, tsayuwa, tafiya, kai hannu ga abu ba tare da ya kauce ba. Ɓari biyu gare ta dama da hagu, a tsakiya akwai wani siririn yanki da ya haɗa su wanda suke kira bamis, wai kalmar Latin ce mai nufin tsutsa saboda siffarsa. A wajen 'yata wannan yankin bai gama halittuwa ba, ɗan kaɗan ne ya fito kuma ya karkace sama. Sannan a cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna 4 da ruwa ke bi, na huɗun yana nan gaban sarabelam, nata ya buɗe ya zama ƙatuwar jaka cike da ruwa har ta faɗaɗa ƙashin ƙeyar, shi yasa na ga ta yi tsini. Yace wannan shi ake kira Dandy-Walker. Nace Dandi me? Ya rubuta min a ƙasan zanen.

Na biyu kuma shi ne ruwan. Ni da a tunanina ruwa a kai cuta ce gaba ɗaya, ashe kowa na da shi, babban mutum jikinsa na yin kusan rabin lita a kullum, yana zagaya ƙwaƙwalwa da laka sannan jini ya shanye. Idan hanyar fita ta toshe ko bata buɗe daidai ba sai ya taru ya dinga danne ƙwaƙwalwa, a jariri kuma tunda ƙasusuwan kai basu haɗe ba sai kan ya yi ta buɗewa. Sunansa a wajensu haidrosefalos, kuma mafi yawan yara masu Dandy-Walker suna samunsa, galibi a cikin shekarar farko. Yace na farkon halitta ce, babu wuƙar da zata ƙara abinda bai fito ba. Na biyun shi ne muke iya yi wa aiki, kuma shi ne yake cutar da ita yanzu.

Tambayar da ta fara fita daga bakina ita ce, likita ni ce na jawo? Dan tun a hanya nake lissafi, maganin zazzaɓin da na sha, taka keken da na dinga yi har wata takwas, faɗuwar da na yi a bakin rijiya. Yace a'a Hajiya, wannan tun farkon ciki yake samuwa lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, wani lokaci yana da alaƙa da ƙwayoyin gado ko wata cuta da ta kama uwa da ciki, amma a da yawa ba a gano takamaiman dalili. Yace a cikin haihuwa 25,000 zuwa 35,000 ake samun ɗaya. Abbansu ya tambaya zata yi tafiya, zata yi karatu? Likitan bai yi mana alƙawarin ƙarya ba, yace akwai masu shi da suke makaranta lafiya lau, akwai waɗanda suke da jinkiri mai yawa, kuma abinda ya fi nunawa shi ne ko akwai wasu matsalolin tare da shi a sauran ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Dan haka aka tura mu hoton zuciya da sikanin ciki da ɗakin ido. Alhamdulillahi zuciya da ƙoda lafiya.

Daren nan ban runtsa ba, na sa data na dinga karatu ƙanwata na fassara min inda ya fi ƙarfina. A nan na san sunan na mutum biyu ne likitocin Amurka, Walter Dandy da ya yi bayanin abin a 1914 da Earl Walker da ya ƙara a kai a 1942, wani likita Clemens Benda ya haɗa sunayen a 1954. Amma labarin da ya zauna min a rai na wani uba ne, John Holter, ba likita bane, mai aikin injuna ne a Filadelfiya ta Amurka. An haifa masa ɗa a 1955, ruwa ya taru ma yaron a kai tun yana jariri, kuma abin da ake da shi a lokacin baya aiki sosai, sai ya koma gida ya zauna ya ƙera ɗan bawul na roba mai laushi da hannunsa, wato abin da ke barin ruwan ya fita daga kai ba tare da ya dawo ba, shi da likitan yaron Eugene Spitz, aka fara sawa a 1956. Na ce a raina ashe abinda za a sa ma 'yata daga hannun wani mahaifi da ya shiga irin halin da nake ciki ya samo asali. Wallahi sai na ji wani sanyi.

Hanya biyu likitan ya lissafa mana. Akwai wadda ake shiga da 'yar kyamara a huda ƙasan ɗaki na uku ruwan ya samu sabuwar mafita ba tare da an bar komai a jiki ba, yace wani likita Benjamin Warf ya yi ma yara masu yawa irinta a asibitin CURE da ke Mbale a Yuganda, yana haɗawa da ƙona wajen da ke samar da ruwan dan ya ragu. Amma ba kowane yaro take karɓa ba kuma ba ko'ina ake da kayan ba. Ɗayar ita ce shant, wato siririn tiyo ne mai laushi, baki ɗaya a cikin ɗakin ruwan, ya bi ta bawul a bayan kunne, ya gangara ta ƙarƙashin fata ta wuya da ƙirji har cikin ciki, can ruwan zai dinga zuba jiki na shanyewa. A masu Dandy-Walker wani lokaci a ɗakunan sama ake sawa, wani lokaci a jakar ƙeyar, wani lokaci duka biyu. Ita ya ga hanyar tsakanin sama da ƙasan a buɗe take dan haka ɗaya ya isa. Wanda aka sa mata ɗan Indiya ne mai suna Chhabra, na ɗan yi jim da na ji shi ne mai araha, sai likitan yace an gwada shi a Yuganda da wani mai tsadar gaske ba a ga bambanci ba a shekara ɗaya.

Kuɗi dai Allah ya rufa asiri, na kwashe adashena, na saida ɗan kunne da sarƙar lefena, yayan Abbansu ya kawo nasa, jama'ar masallacin unguwa suka haɗa abinda ya sawwaƙa. Keke ne kawai na ce ba zan saida ba dan shi zai riƙe mu bayan an fito. Abinda ya fi kuɗin wuya shi ne sa hannu. Hajiya tace ita bata taɓa jin an fasa kan jariri ya tashi ba, a bari a ci gaba da addu'a. Abbansu ya shiga tsakani ya rasa ta cewa, kwana huɗu takardar na aljihunsa. Ni ban yi musu da ita ba, kullum da safe sai in ɗauko tef in auna a gabanta in nuna mata lambar. Ranar da ta kai 46 ta karɓi yarinyar ta kira sunanta ta tafa hannu, idon bai ɗago ba. Ta yi shiru can tace ku yi istihara ku kai ta, Allah ya sa a dace.

Ranar aikin tana da wata uku da 'yan kwanaki. An ce in daina bata nono awa 4 kafin a shiga, kuma sai aka ɗan samu jinkiri. Duk abinda na gani a wannan tafiyar babu wanda ya ci min rai kaman waɗannan awannin, tana kuka tana cusa fuska a ƙirjina tana lalube, nono ya cika yana zuba har ya jiƙa min hijabi, ni kuma ba halin in bata. Haka na dinga zagaye da ita a barandar ina jijjigawa ina kuka. Suka aske gefen dama na kanta, wata nas ta miƙo hannu tace kawo ta Mama, na miƙa. Wajen awa biyu muka yi a kan benci, Abbansu na jan carbi ni ko addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina sai Ya Allah, Ya Allah.

Ta fito da filasta biyu, ɗaya a bayan kunne ɗaya a gefen cibiya. Washegari da asuba na kai hannu tsakar kanta a hankali sai na ji maɗigar ta yi laushi ta ɗan lotsa tana bugawa a hankali kaman ta yayyenta lokacin suna jarirai. A kwana na uku ina bata nono ta ɗago ido ta kalle ni sosai, baƙin idon a tsakiya. Na kira Abbansu a waya na kasa magana.

A ɗakin da aka kwantar da mu na ga abinda ban taɓa zaton akwai ba. Yara masu ruwa a kai sun fi biyar kuma babu mai irin na 'yata ko ɗaya, wasu an haife su da ƙari a gadon baya, wasu kuma lafiya aka haife su zazzaɓi mai zafi ko sanƙarau ya kama su suna jarirai daga baya kan ya fara girma. Gadon kusa da ni wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye, ɗanta ya kusa shekara biyu, kan ya yi girman da ba ya iya juya shi sai ta tallafa da hannu biyu, idonsa kuma ya riga ya tafi. Tace min shekara guda suna yawon magani babu wanda ya ce mata akwai aiki. Wannan abin har yau yana ɓata min rai, dan ba wani babban inji ake buƙata a fara ganewa ba, tef ne. A ganina duk inda ake rigakafi ya kamata a auna kan yaro a rubuta kamar yanda ake ɗora shi a sikeli, kuma uwa ma zata iya a gida, ki bi ta saman gira, ta saman kunnuwa, ki zagayo ta inda ƙeya ta fi fitowa, ki rubuta da rana. Masu ciki kuma sikanin da ake yi tsakanin sati 18 zuwa 22 yana iya nuna irin wannan, ni sau ɗaya na yi tun cikin na ƙarami ban koma ba.

Kafin sallama sista ta zaunar da ni tace kada in dinga danna bawul ɗin, kada in bari kowa ya murza wajen ko ya shafa magani, kuma in na ga amai, barcin da ya wuce ƙa'ida, zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar tiyon, maɗiga ta sake tasowa ko jijjiga, ko tsakar dare ne in taho. Tace shant ba a gamawa da shi, kusan 4 cikin 10 suna samun matsala a shekara ɗaya zuwa biyun farko. Na ji amma a raina na ce ba namu ba in sha Allahu.

Tana wata 11 ya toshe. Da yamma ta ƙi nono, ta yi amai sau uku, sai barci, in tashe ta ta buɗe ido ta koma. Abbansu yace ko maleriya ce mu je kemis, nace a'a Abban yara, maganar sistar nan ce. Ƙarfe ɗayan dare muka samu mai adaidaita a unguwa ya kai mu emajansi. Aka yi hoto aka ga ɗakunan sun sake cika, washegari aka koma tiyata aka canza bakin tiyon na sama. Kwana shida muka dawo gida. Tun daga ranar akwai jaka a bayan ƙofa da fayil ɗinta da hotunan da zani biyu, bana taɓa ta sai in zan canza kayan da suka mata kaɗan.

Sauran kuma gashi ne da haƙuri. Duk sati biyu muna zuwa ɗakin gashi a koya min motsa jikin da zan mata a gida, a ɗora ta kan ƙatuwar ƙwallo, a kifa ta a kan tabarma a sa abin wasa a gabanta. Wuyanta bai tsaya ba sai wata 7, zama sai da ta wuce shekara, rarrafe kuma ta jima tana yi da ja da ciki. Akwai ranakun da nake ganin sa'o'inta na gudu a tsakar gida in shiga bayi in share hawaye in fito. Yanzu shekararta biyu da wata takwas, tana miƙewa ta bi bango, ƙafafun a buɗe tana tangaɗi kaɗan, in ta kai hannu ga kofi sai ya ɗan yi rawa kafin ta kama. Idonta na hagu yana ɗan shiga ciki, ɗakin ido na bibiya. Amma baki kam Masha Allah, tana kiran Umma da Abba da sunan yayyenta, tana cewa bani, kuma in Hajiya ta zo ba mai ɗaukarta sai ita, a cinyarta take cin tuwo.

Awon kai yanzu sau ɗaya nake yi a wata, shafin bayan littafin ya cika na shiga na gabansa, lambobinta na nan gab da awon wata amarya. Na wannan watan 51, daidai da na watan jiya. Ranar Talata muna da kilinik, ina so in tambayi likita maganar tsawon tiyon tunda ta fara miƙewa, da kuma ko zamu iya sa ta a islamiyyar unguwa in an dawo hutu.